Ranar da Mai Labule Ya Cika Tanki

Salama a gare ku, 'yan uwana masu karatu. Ku yi haƙuri da jinkirin da na yi. Hannuna a kan keken ɗinki yake da sauri, a kan waya kuwa sai a hankali, don karatuna bai wuce firamare ba. Amma yau ko yatsana zai kumbura sai na ba ku labarin nan, saboda abin da bakina ya kasa faɗa shi nake iya rubutawa.

Ga wanda yau ya fara haɗuwa da ni, ni ce Auta a gidanmu, haka kowa yake kirana. Ina aiki a shagon Gwaggo, yayar Babanmu, inda muke ɗinka labule da zanen gado da rigunan filo. Aikina kalmasa. A ba ni yadi komai tsawonsa zan kalmashe bakinsa ya miƙe ɗoɗar, amma a ce in ɗaga kai in amsa gaisuwar baƙo, nan ake samun matsala. Gwaggo takan ce kunyata ta wuce ado ta koma ciwo.

Shi kuma Mai Labule muke ce masa. Shi yake kwasar abin da muka ɗinka, ya bi gidaje da ofisoshi ya kafa ƙarafuna ya rataya. Yana da wata tsohuwar farar mota, kullum da tsani ɗaure a samanta. Bai taɓa ce mini komai a shago ba. Sai dai ya ɗauki labule ya juya bayansa, ya ƙura wa ɗinkin ido, ya ce, "Gwaggo, mai wannan hannun a riƙe ta da kyau." Ni kuma in taka keke da ƙarfi don kada a ji bugun zuciyata. Daga baya ya karɓi lambata, wai saboda awon tagogi. Awon da har yau ba a gama ba.

Mutum ne mai fara'a, mai riƙon amana, ba ya saɓa lokaci da gangan. Amma yana da hali ɗaya. Ba ya shan mai. Wato yana sha, amma irin na "kai ni can" kawai. Kun san 'yar fitilar nan mai ruwan ɗorawa da take kunnuwa in mai ya kusa ƙarewa? To a motarsa ba ta mutuwa. Wata rana ya rage mana hanya ni da Gwaggo, muna zuwa gangare sai ya kashe mota ta riƙa silalawa.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Kai yaro, lafiya?"

"Hutawa take ɗan yi, Gwaggo."

"Wannan wutar fa da take ta haska mana ido?"

"Gaisuwa ce kawai. Na san motata, sai ta yi tari sannan magana ta fara."

Ba mu yi nisa ba kuwa ta yi tarin. Ya shiga kaɗa sitiyari dama da hagu don ragowar man ya gangaro, yana lallashinta kamar mai lallashin jariri. Na cusa fuskata cikin mayafi ina dariya har hawaye. Gwaggo kuwa da ƙafa ta ƙarasa shago, tana rantsuwa ba za ta ƙara ba.

Yanzu ku ji inda matsalar take. Babanmu shekaru ya kwashe yana tuƙa motar asibiti kafin ya ajiye aiki. Yakan ba mu labarin wata rana da aka ɗora masa mace mai naƙuda, ya tayar da mota ya tarar abokin aikinsa ya bar ta babu mai. Dole ya tsaya a gidan mai, matar tana salati a baya, mijinta yana kallonsa ta madubi. Sun isa lafiya, an haihu lafiya, amma Baba ya ce kallon mutumin nan bai taɓa barin idonsa ba. Tun daga ranar, tankinsa ba ya sauka ƙasa da rabi.

Shi ya sa duk wanda ya zo neman 'yarsa, Baba ba ya tambayarsa abin da ya tara. Zai zauna da shi a yi hira, sannan ya raka shi har mota. Ya dafa taga ya sunkuya kamar mai addu'ar a sauka lafiya. Mutum yana murza makulli, idon Baba yana kan allurar mai. Mijin Yayata da tanki cike ya zo, aka ba shi. Bara Gwaggo ta kawo mini ɗan ƙawarta, mai kantin kayan gini, da wata doguwar mota mai sheƙi. Ya murza makulli, fitila ta kunna. Baba ya dawo ciki ya ce, "A bar maganar nan." Ni kuwa ranar har da ƙarin abinci na yi.

Gwaggo ba ta huce ba. Da maganar Mai Labule ta taso, ta tsare ni a shago, almakashi a hannu.

"Ki ji ni da kyau, Auta. Na san yaron nan, na san motarsa. In ubanki ya kore shi, ɗan ƙawata zan dawo da shi, kuma wannan karon ni zan raka shi gidan mai da kaina."

A gida kuma Mama. "Babanki ya ce in tambaye ki, kina son yaron nan ko a'a? Shekaru fa ba sa jira."

Jama'a, amsar tana nan a maƙogwarona, amma ta ƙi fitowa. Na rufe fuska na gudu kicin na hau wanke tukunyar da aka riga aka wanke. Da Baba ya ji, sai ya ce, "To ya zo ranar Asabar bayan la'asar in gan shi."

Ran Juma'a na shige ɗakin ajiya na bayan shago, na zauna tsakanin bandiran yadi. Na danna in yi masa saƙon murya, na ce "Ina wuni", na goge. Na sake, na yi tari, na goge. Ƙarshe na haƙura na rubuta:

"Ka cika tanki kafin ka zo."

Nan take ya amsa. "Cika? Har baki?"

"Har baki."

"Auta, motar za ta firgita fa."

"Don Allah. Baba yana duba allura."

Sai ga amsa: "An gama, ko da tsani zan sayar."

"Kada ka ce ni na gaya maka."

"Na yi alkawari. Bakina a ɗinke, irin ɗinkinki."

Na kifa wayar a cinya ina murmushi ni kaɗai kamar wadda ta zautu.

Asabar tun hantsi gidanmu ya rikice. Na sauke tsofaffin labulen falo na rataya sababbi ruwan madara masu zanen ganye, waɗanda na ɗinka da kaina na ɓoye a ƙasan akwati. Na goge tebur har ina ganin fuskata. Na sa doguwar rigata ruwan zuma, na cire, na sa shuɗiya, na cire, na koma ruwan zumar. Mama ta sa garwashi da turare a kasko ta ajiye a bakin ƙofa don gidan ya ɗauki ƙamshi. Gwaggo, wadda ba wanda ya gayyata, ta iso da jakarta ta zauna a kujerar da ta fi kowacce kallon ƙofa.

Wayata ta yi ƙara. Hoto ne, allurar mai a can ƙarshen sama. A ƙasa ya rubuta: "Kin gan ta? Ta rikice, ba ta taɓa zuwa wannan unguwar ba."

Na rungume wayar. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Ya iso a kan lokaci. Ta tagar ɗakina na leƙa, na ga an wanke motar fes, an sauke tsanin. Shi kansa cikin farin yadi mai guga, da hular da nake zargin aro ce, don tana sauko masa har gira. Na kai musu ruwa da lemo. Ban kalli kowa ba. Na ajiye na koma bayan labulen da ya raba falo da hanyar ɗakuna, na tsaya ina saurare.

Hira ta yi daɗi. Baba ya tambaye shi iyayensa da sana'arsa. Ya ba da labarin wani ofis da ya rataya wa labule, iska ta kaɗa shi daga kan tsani ya faɗa cikin kwandon shara, har Baba ya yi dariya. Na ji ya ce, "Baba, labulen nan naku an iya ɗinkinsa." Na ciji leɓe.

Sai Baba ya yi shiru. Na ɗan buɗe gefen labule. Hancinsa yake ɗagawa sama yana shinshina.

"Fetur," in ji shi. Ya miƙe zumbur. "Uwargida! Zuba wa kaskon nan ruwa! A kashe wutar kicin! Kada wanda ya ƙyasta komai!"

Muka yo waje gaba ɗaya, har ni da na manta da kunya. Ga motar nan a ƙofar gida, mai yana ɗiga daga ƙarƙashinta, ɗis, ɗis, ya yi ɗan tafki. Da ka bi titi da kallo, ga layinsa nan baƙi tun daga kwana har ƙofarmu, kamar an zana wa mutane hanyar gidanmu.

Mai Labule ya riƙe kai. "Innalillahi! Wallahi ba ta taɓa yi mini haka ba!"

Baba ya matsa kusa da motar. Ya tuɓe rigarsa ta sama ya miƙa wa Mama, ya ce a kawo tsohuwar tabarma da yashi da tiyo. Dattijon nan ya kwanta ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"A samo jarkoki!" ya ce daga can.

Gwaggo ta ce, "A juye a taka motar mana, Direba." Haka take kiransa, ita kaɗai ta isa.

"Tawa cike take, ina zan sa shi?"

Haka aka bi maƙwabta aron jarka. Kafin a jima layinmu ya cika. Mai shagon kwana ya zo, tela ya zo da tef a wuya, matan gidan da ke kallon namu suka jeru a ƙofa. Kowa yana tambaya, "Motar wa ce?" Kowa yana amsa wa ɗan uwansa, "Ta mai neman Auta ce." Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi kuwa ya durƙusa da farin yadinsa yana zuƙo mai da tiyo, yana tofarwa, hular aro ta faɗa cikin yashi.

Abin mamaki, man yana sauka ƙasa da rabi sai yoyon ya tsaya cak.

Baba ya fito, ya dubi ɗan yatsansa da ya yi ja da tsatsa, ya dubi Mai Labule. "Wanke hannunka ka same ni a ciki."

Na koma bayan labulena.

"Motar nan ta jima a hannunka?" in ji Baba.

"Ta jima, Baba."

"Saman tankinta tsatsa ta cinye shi, ya zama rariya. Da ka taɓa cika shi ko sau ɗaya da ka sani. Yau ka fara ke nan."

Ya sunkuyar da kai. "Yau na fara, Baba."

"Me ya sa sai yau?"

Baba bai jira amsa ba, ya ɗora:

"Wani ya gaya maka ina duba allura. Wane ne?"

"Baba, ka yi mini haƙuri. Na yi alkawari."

Gwaggo ta tafa hannu. "Ka ji ko, Direba? Ni na shiga motar nan, da ƙafa na ƙarasa! Yau ya zo zai yi mana rufa-ido, Allah ya tona shi. Ɗan ƙawata dai bai yaudari kowa ba."

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Yaro, ba na son ɓoye-ɓoye a gidana. Ko ka faɗi wanda ya gaya maka, ko ka tashi ka tafi, maganar ta ƙare a nan."

Ta 'yar kafar labule nake kallonsa. Farin yadin ya yi dabbare-dabbare, gumi yana bin wuyansa. Kalma ɗaya ce za ta fitar da shi. Sai ya sa hannu ya ɗauki makullinsa daga kan tebur, ya fara miƙewa a hankali.

"Na gode da karamci, Baba. Allah ya ƙara girma."

'Yan uwa, ban san lokacin da na ce "Ni ce" ba. Amma labule kaɗai ya ji, don ko ni da ƙyar na ji kaina. Ya riga ya juya, yana neman takalminsa. Na damƙi labulen nan da hannu biyu, na ja numfashi, na yaye shi gefe.

"NI CE!"

Wallahi ban san ina da irin wannan muryar ba. Kofi ya kusa suɓuce wa Mama. A waje, masu jiran jarkokinsu suka yi tsit.

"Ni na gaya masa, Baba," na ce, idona a kan yatsun ƙafata. "Ni na ce ya cika. Kada ya tafi."

Ina jiran faɗa. Sai na ji wani sauti, na ɗago. Kafaɗun Baba ne suke rawa. Dariya yake, har yana share ido da bayan hannunsa mai tsatsa.

"Uwargida, kin ji? Ashe tana da murya!"

Mama ma ta rufe baki da gefen mayafi. Gwaggo ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Wai me ake wa dariya?"

"Zauna, yaro," in ji Baba. Ya juyo gare ni. "Auta, kin zaci ban san abin da ake yi a gidana ba? Mijin Yayarki da ya zo, hannun rigarsa warin fetur yake, ko bushewa bai yi ba. Wa ya gaya masa in ba ita ba? 'Ya'yana duk kunya gare su. In na tambaya sai a gudu kicin. To sai na bar allura ta riƙa amsa mini. Wanda ake so, za a raɗa masa. Wanda ba a so, za a bar shi ya zo da fitilarsa a kunne."

Gwaggo ta zaro ido. "Wato ɗan ƙawata..."

"Ba a raɗa masa ba, Yaya."

Ta juyo ta kalle ni tun daga sama har ƙasa. "Lallai yarinyar nan! Ina zaune da ke a shago kamar ba ki san komai ba, ashe ke ce mai yanke hukunci!" Ta jefe ni da filon kujera. Na cafe, na ɓoye fuskata a ciki.

Mai Labule ya koma ya zauna a bakin kujera, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kai kuma daina washe baki," in ji Baba, muryarsa ta sauya. "Na ji daɗi da ba ka sayar da ita don ka tsira ba. Amma maganar mai ba wasa nake ba. Wata rana 'yata za ta buƙaci asibiti da gaggawa. Ranar ba na so a gan ka a bakin titi da jarka a hannu."

Da na gane irin asibitin da yake nufi, na ƙara cusa kai cikin filo.

"In sha Allahu ba za a gani ba, Baba. Na tuba."

"Motar a nan za ta zauna. Ni zan sauke tankin in kai wa mai walda. Kullum da yamma ka zo ka riƙe mini sifana. In mun gama, ka zo da iyayenka mu gaisa."

Kullum da yamma, jama'a! Mama ta dube ni ta gefen ido, ni kuma na dubi silin.

Da ƙafa ya tafi, hular aro a hammata. Yana fita mai shagon kwana ya ɗaga murya, "Ango, a tura ne?" Layin gaba ɗaya ya kwashe da dariya. Gwaggo ta ɗauki jakarta tana ƙunƙuni, amma a bakin ƙofa ta tsaya ta shafa sabon labulen, ta juya bayansa ta duba ɗinkin. "Na gidanki ni zan zaɓi yadin," ta ce, ta fice.

Washegari da safe ina shara a tsakar gida saƙonsa ya shigo.

"Barka da asuba, mai babbar murya."

"Ka daina."

"Har yanzu kunnena yana amsawa. Amma akwai 'yar matsala."

"Mece ce?"

"Kawuna ne zai kawo su Inna a motarsa. Shi ya koya mini tuƙi."

"To?"

"Shi tasa fitilar ma ba ta kunnuwa. Ya cire ƙwan, wai tana damun idonsa."

Na jingina tsintsiya da bango. Na fara rubuta "Ku cika tanki", sai na tuna jiya, na goge. Ina nan tsaye ina kallon waya, Baba ya fito da akwatin sifanunsa zai nufi ƙofar gida. Bai ko kalle ni ba, yana wucewa ya ce:

"Ki ce a gaya wa kawun nasa rabi ma ya isa. Ba ni da sauran rigar shiga ƙarƙashin mota."

Na tsaya baki buɗe. Yadda aka yi ya sani, Allah kaɗai ya sani. Na rubuta, na tura. Ban gama share gefen rijiya ba amsa ta dawo:

"Na gaya masa. Kawu ya ce rabi almubazzaranci ne."